Lesin Lissafi Da Jarrabawar Shiga Sakandare: Haƙƙin Yaro Na Gaba Da Burin Iyaye

A duk shekara, da zarar an shiga zangon karatu na biyu, gidajen da ke da yaro a aji shida na firamare sukan shiga wani hali na daban. Makaranta takan aiko da takarda cewa daga yanzu 'yan ajin ƙarshe ba za su tashi ba sai bayan La'asar, kuma akwai kuɗin lesin da za a biya. Uba ya shiga cigiyar malamin lissafi da zai riƙa zuwa gida, uwa ta sayo littafin tsofaffin tambayoyi, yaro kuma ya wayi gari da jakar da ta fi ƙarfin kafaɗarsa. A cikin wannan fafutuka, abin da aka fi saurin sadaukarwa shi ne makarantar Islamiyya, sai barcin yaron, sai wasansa. Ana cewa na ɗan lokaci ne, da an gama jarrabawa zai koma. Malaman Islamiyya sun san cewa da yawa ba sa komawa.

Matsayinmu a kan wannan batu a fili yake. Neman ƙarin darasin lissafi ga yaro abu ne mai kyau, kuma a halin da makarantun firamare suke ciki a yau ya kusa zama larura. Sai dai yadda ake yin sa a mafi yawan gidaje yana da illa uku: ana fara shi a makare, ana gina shi a kan hadda maimakon fahimta, kuma ana biyan kuɗinsa da abin da bai kamata a taɓa ba, wato karatun addinin yaro da lafiyarsa, wani lokaci har da gaskiyarsa. Akwai kuma illa ta huɗu da ta shafi al'umma baki ɗaya, ita ce ɗan talaka ba ya cikin lissafin kwata-kwata.

Abin da ake takara a kansa

Babbar jarrabawar da ake magana a kai ita ce ta shiga makarantun haɗin kan ƙasa na gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa. An kafa wannan hukuma a 1999, kuma hedikwatarta na Minna. Makarantun kuwa sun haura ɗari. Tushensu ya faro ne a 1966 da kwalejoji uku a Sakkwato da Warri da Okposi, sannan aka faɗaɗa su bayan yaƙin basasa domin 'ya'yan sassa daban-daban na ƙasar su tashi tare. Bayan su akwai makarantar hazikai ta tarayya da ke Suleja, da makarantar soja ta Zariya, da makarantun rundunonin soja, da makarantar hazikai ta Bamaina a Jigawa, da manyan makarantu masu zaman kansu da ke shirya tasu jarrabawar. A Kano akwai makarantun kimiyya da aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Su ana shigarsu ne bayan aji uku na ƙaramar sakandare, amma tubalin da ake tambaya a can shi ne wanda aka aza tun a firamare.

A jarrabawar NECO ana gwada yaro a lissafi da kimiyya, da Turanci da nazarin zamantakewa, sannan akwai takarda ta biyu da ke gwada kaifin tunani a kan lambobi da kalmomi da sana'o'i. Ma'ana, lissafi yana fitowa sau biyu: sau ɗaya da sunansa, sau ɗaya kuma a rigar gwajin basira. Wannan ne ya sa iyaye suka fi damuwa da shi, kuma suna da hujja.

Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyana yadda ake raba guraben: kashi 60 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma don wasu larurori. Mafi yawan gurabe ke nan suna hannun wanda ya fi ƙoƙari, ko daga ina ya fito. Masu bin al'amuran ilimi ba su manta da makin da aka fitar a 2013 ba, lokacin da aka nemi 139 daga ɗan jihar Anambra, aka nemi 2 daga yaro namiji ɗan Yobe, aka nemi 4 daga namiji ɗan Zamfara da 2 daga mace. A 2018 kuma rahotanni suka nuna cewa yara 28 kacal aka yi wa rajista daga Zamfara a daidai lokacin da Legas ke da fiye da dubu ashirin. Sassaucin maki yana buɗe ƙofa, amma ba ya shiga aji tare da yaro. Wanda ya shiga da maki kaɗan zai zauna benci ɗaya da wanda ya shiga da maki mai yawa, malami ɗaya zai koyar da su, kuma bayan shekara shida jarrabawar WAEC da ta JAMB ba za su tambayi jihar kowa ba kafin su duba takardarsa.

Lissafi ba baƙo ba ne a gidanmu

Har yanzu akwai gidajen da ke kallon lissafi a matsayin kayan boko zalla, abin da ake jurewa don a samu takarda. Tarihin ilimin Musulunci bai yarda da wannan kallo ba. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun shimfiɗa rabon gado da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sulusi biyu da sudusi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Imam Ghazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya lissafa hisabi tare da likitanci a cikin ilimomin da suke farilla ta kifaya, domin ba a iya mu'amala da rabon gado da wasiyya sai da shi. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya keɓe babban kaso na littafinsa na aljabara ga matsalolin wasiyya da gado. A nan ƙasar Hausa ma an yi Malam Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine masanin hisabi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Mu ɗauki misali ɗaya. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji guda, kuma bayan an biya bashi an zartar da wasiyya aka samu naira 2,400,000. Mata tana da sumuni, uwa sudusi, uba sudusi, saura na ɗa. Malamin fara'id zai nemo asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da 8 da 6 za su shiga ba tare da saura ba, ita ce 24. Mata ta samu kaso 3, uwa 4, uba 4, ɗa 13. Kowane kaso naira 100,000 ne, don haka mata na da 300,000, uwa da uba kowa 400,000, ɗa kuma 1,300,000. Wannan neman asalin mas'ala shi ne ainihin abin da ake koya wa ɗan aji biyar kafin ya iya tara ɓangarori biyu masu ƙasa daban-daban. Haka mas'alar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, wadda malamai suka ruwaito cewa a kanta aka fara yin auli zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda: rabi da sulusi biyu sun tashi kaso 7 cikin 6, sai aka ɗaga asalin zuwa 7 domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa.

Zakka ma haka take. Rubu'in ushuri ɗaya ne cikin arba'in, shi ne kashi 2.5 cikin ɗari da littafin aji shida ke tambaya. Manomin da ya samu buhu 60 na noman damina zai fitar da 6, wanda ya same su da ban-ruwa na inji zai fitar da 3. Yaron da ya ƙware a waɗannan ya riƙe makamin jarrabawarsa da makamin addininsa a hannu ɗaya. Saboda haka mai ware lissafi daga karatun addini ya raba abin da magabata suka haɗa.

Inda ɓarakar take

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke kokawa da tambayoyin aji shida yawanci matsalarsa ba a aji shida take ba. Ta faro ne tun aji biyu ko uku, inda ya wuce ba tare da ya gane matsayin lambobi ba, bai riƙe jadawalin sau ba, bai san dalilin da ya sa ake aro a ɗebewa ba. Lissafi gini ne, kowane layin bulo a kan na ƙasansa yake zaune. Malamin da aka ɗauko wata uku kafin jarrabawa ba shi da lokacin tono harsashi, sai ya koma shafe bango: ya ba yaro tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, ya koya masa dabarun zaɓe tsakanin amsoshin da aka jera. Ranar jarrabawa a sauya lamba ɗaya a tambayar, duk haddar ta rushe.

Dalilin raunin tubalin ba ɓoyayye ba ne. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta kuma sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka gudanar da gwajin da abin da ya biyo baya, amma babu wanda ya yi da'awar cewa lamarin ya tsaya a Kaduna kaɗai. Ga cunkoson ajujuwa, ga albashin da ba ya kai malami tsakiyar wata. A irin wannan yanayi kasuwar lesin ke bunƙasa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai matsalar harshe. Yarinyar da ke taya mahaifiyarta sayar da ƙosai tana iya lissafa canjin mutum uku a ka ba tare da kuskure ba. A rubuta mata wannan ciniki da Turanci a takarda, sai ta tsaya cak. Abin da ya kayar da ita kalmomin tambayar ne, lissafin kuwa tana da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarbanci tare da koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa koyo da harshen uwa bai mayar da su baya ba, har sun yi zarra a kan takwarorinsu. Tun da jarrabawar da Turanci ake yin ta, hanya mafi dacewa ita ce a warware wa yaro ma'anar da Hausa har ta zauna, sannan a ɗora masa kalmomin Turancin da ke nufin tarawa da ragi da riba da faɗuwa da saura, ya riƙa karanta tambaya yana mayar da ita da bakinsa kafin ya taɓa alƙalami.

Yadda ake gane lesin mai amfani

Malamin kirki yakan fara da gwaji kafin koyarwa, don ya san inda yaro ya tsaya. Idan ɗan aji shida bai iya rabawa ba, daga rabawa za a fara, ko da iyaye na son ganin an buɗe babin ƙarshe. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi, na haɗa yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, kuma an gwada shi a wasu jihohin Arewa, har da Borno. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya yi makarantar allo, inda ba a wanke wa almajiri allo sai ya biya abin da ke kai.

Iyaye na iya gwada ingancin darasin da kansu, ko da sun daɗe da barin makaranta. A tambayi yaro: rabi da sulusi nawa ke nan? Idan ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya ce biyu cikin biyar, a ɗauko rake a nuna masa cewa biyu cikin biyar bai ma kai rabin da aka fara da shi ba, don haka amsar ba za ta yiwu ba. Daidai shi ne biyar cikin shida. A tambaye shi wanne ya fi girma tsakanin 0.5 da 0.45. Da yawa za su zaɓi na biyu don sun ga 45 ta fi 5. A tambaye shi ribar wanda ya sayi kaya 800 ya sayar 1,000, kashi nawa ce cikin ɗari. Wanda ya ce 20 ya auna ribar da kuɗin sayarwa, wanda ya ce 25 ya gane cewa da uwar kuɗi ake aunawa. A ba shi jerin 2, 5, 10, 17, a ce me ke biye. Idan ya lura cewa tazarar na tafiya 3, 5, 7, ya ce 26, ya kama irin tunanin da takarda ta biyu ke nema. Bayan kowace amsa a ce masa: yaya aka yi ka samu? Yaron da zai iya bayani ya fahimta. Wanda ya ce haka malam ya ce a yi, akwai sauran aiki.

Tsofaffin tambayoyi suna da gurbinsu, amma a ƙarshe. Bayan fahimta ta zauna, a watanni biyu na ƙarshe a riƙa ba yaro cikakkiyar takarda da agogo a gabansa, ya saba da lokaci da yadda ake cike takardar amsa da fensir. Rabin awa a kullum na tsawon shekara biyu ya fi awa huɗu a kullum na wata biyu, ya kuma fi sauƙi a aljihu.

Muna kuma jan hankalin iyayen da ke fizge yaro daga aji huɗu ko biyar su tura shi jarrabawa don a ce ɗansu ya gama da wuri. Tsarin ƙasa shekara shida ya ware wa firamare, kuma a manhajar aji shida ake kammala babukan da ƙaramar sakandare za ta ɗora a kansu. Sauri kan haifi nawa. Yaro ɗan shekara tara da aka kai makarantar kwana yana fama da wankin kayansa da kewar gida, ga giɓin karatun da ya tsallake.

Islamiyya da barcin yaro

A nan ne muka fi saɓa wa abin da ya zama ruwan dare. Shekarun tara zuwa sha biyu su ne lokacin da hadda ta fi zama a ƙirjin yaro, su ne kuma lokacin da ake horar da shi a kan salla kafin balaga. Wanda zai tafi makarantar kwana ya fi kowa bukatar ya tafi da tsarki da alwala da karatun salla a hannunsa, domin can babu uwar da za ta tashe shi da Asuba. Cire shi daga Islamiyya a shekararsa ta ƙarshe a gida kwance masa guzuri ne a ranar da zai kama hanya. Kuma yaro yana karanta abin da iyaye suka fifita fiye da abin da suka faɗa. Idan ya ga cewa duk lokacin da aka samu cin karo Alƙur'ani ake ajiyewa, ya ɗauki darasin da babu malamin da zai iya goge masa.

Cin karon ma ba dole ba ne. Yawancin Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a. Yammacin waɗannan ranaku biyu ya isa zaman malamin lesin, sannan a ƙara da rabin awa na bita a gida kowace rana. Makarantun boko masu riƙe yara har bayan La'asar su sani cewa lokacin wata makaranta suke ci, kuma ƙungiyar iyaye da malamai na da ikon tattauna wannan. Su ma shugabannin Islamiyyu muna kiran su da su sassauta: a rage wa 'yan ajin jarrabawa yawan sabuwar hadda a watannin ƙarshe, a bar su a kan muraja'a, maimakon a tsananta har iyaye su cire su gaba ɗaya. Likitocin yara suna ba da shawarar barcin awa 9 zuwa 12 ga masu shekara shida zuwa sha biyu. Yaron da ke kwana sha ɗaya a kan littafi ya tashi Asuba, ƙwaƙwalwarsa kamar kwando take, ana zuba ruwa yana zurarewa.

Amana ta kowane ɓangare

Malamin lesin ɗan ijara ne, ladan aikinsa halal ne, kuma jinkirta masa haƙƙinsa alhali akwai hali zalunci ne. A yi yarjejeniya bayyananniya tun farko a kan kuɗi da ranaku da abin da za a koyar. Shi ma akwai amana a wuyansa. Malamin aji da ke ɓoye wani babi da safe don ya sayar da shi da yamma ga masu iya biya ya tauye mudu, domin an riga an biya shi wannan babi a albashinsa. Wanda ke yi wa iyaye alkawarin cewa dole ɗansu ya ci ya sayar da abin da bai mallaka ba. Duka a kan kuskuren lissafi kuwa ba ya haifar da komai sai tsoron lambobi, kuma da yawa daga manyan da ke cewa su ba su da kan lissafi daga bulala suka samo wannan imani. Darasin gida a yi shi a falo ko a tsakar gida, inda ido ke gani, ga yara mata da maza baki ɗaya. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga mutuncin malamin.

Amana mafi nauyi tana kan iyaye. An san ana biyan kuɗi don a shigar wa yaro da amsa, an san ana rage ko ƙara shekaru a takardar haihuwa, an san ana sayen takardar shaidar asalin wata jiha don a ci moriyar ƙaramin maki. Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a tarin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma nesanta mai algus daga tafarkinsa. Takardar da aka cika da amsar sata busasshen hatsi ne a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Gurbin da aka samu ta wannan hanya an ƙwace shi ne daga wani yaro da ya yi karatu, wanda iyayensa ba za su taɓa sanin wanda ya zalunce su ba a nan duniya. Mafi muni, uba ya koya wa ɗan shekara sha ɗaya da hannunsa cewa ana sayen nasara.

Ɗan talaka fa?

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, kuma miliyoyin magidanta ba sa samun ko wannan a wata. Gidan da ke lissafin awon gobe ba zai ɗauki malamin lesin ba. Sakamakon haka, makarantun da aka gina da dukiyar kowa don zaƙulo hazikai suna cika da 'ya'yan waɗanda suka iya sayen shiri. Wasu na ganin mafita ita ce a haramta lesin. An gwada. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, ya koma ɓoye ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin ta hana kamfanonin riba koyar da manyan darussan makaranta a 2021, amma gasar shiga makarantu ba ta gushe ba. Muddin gurabe kaɗan ne kuma masu nema da yawa, mai hali zai nemi hanya. Abin da ya rage shi ne a kai shirin inda babu shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace unguwa tana da ajujuwan Islamiyya da ke kulle ranakun Alhamis da Juma'a, tana da ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi da ke zaune a gida lokacin hutu, tana da malamai 'yan fansho. Ga ɗalibai masu karanta wannan shafi musamman muke magana: wanda ya ci lissafi a WAEC zai iya zaunar da yara goma na layinsu awa biyu a mako. Rassan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda ke aiki tun 1954, da kwamitocin masallatai, za su iya tsara wannan da allo da alli da littattafai 'yan kaɗan. Masu hali su biya wa marayu kuɗin rajista, su kuma ware wakafi don ɗan ihisanin masu koyarwa. Hukumomin zakka da wakafi na jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da tsarin da zai iya ɗaukar irin wannan aiki. A tabbata 'yan mata na cikin ajin, domin likitar mata da ake nema a asibitocinmu daga wannan benci take farawa.

Ba mu jahilci dalilin iyayen da suka juya wa makarantun kwana baya ba. Harin Buni Yadi a 2014, da sace 'yan matan Dapchi a 2018, da na Kankara a 2020, da na Kagara da Birnin Yauri a 2021, duk a makarantun tarayya ko na kimiyya suka faru, irin waɗanda ake wannan takara don shiga. Uban da ya ce ɗansa zai yi jeka-ka-dawo bai yi laifi ba, kuma nauyin tsaron makarantu yana kan gwamnati. Amma wannan hujja ce a kan zaɓen makaranta kawai. Lissafin aji shida yana nan yana jiran yaro a duk inda ya shiga, a sakandaren unguwa ko a shagon mahaifinsa.

Gwamnatocin jihohi su sani cewa yawaitar allunan lesin a kan tituna shaida ce a kan firamarensu. Biya wa yara kuɗin rajista abu ne mai kyau, amma ɗaukar ƙwararrun malaman lissafi a ƙananan ajujuwa da biyan su a kan lokaci shi ne zai sa rajistar ta yi amfani.

Ga iyaye kuma, a fara tun aji uku ko huɗu, a bi a hankali, a tsare wa yaro Islamiyyarsa da barcinsa, a tura shi ɗakin jarrabawa da abin da ke kansa kaɗai. Idan sakamako ya fito ya samu gurbi, a gode wa Allah. Idan bai samu ba, kada a kira shi daƙiƙi, kada a gwada shi da ɗan maƙwabci, domin gurabe ba su kai yawan waɗanda suka cancanta ba, kuma arziki ba a ƙofar makaranta ɗaya aka ajiye shi ba. Yaron da ya fita daga firamare ya iya lissafinsa, ya riƙe sallarsa, bai taɓa satar amsa ba, iyayensa sun sauke nauyin da ke kansu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani.